Barandar Ciyaman Nababa

Allah ya yi wa garin Rafin Kanya baiwa da mutum guda, kuma mutumin bai taɓa barin garin ya manta da haka ba. Alhaji Nababa ke nan, wanda ya taɓa shugabantar kwamitin rabon taki na wata damina, tun daga nan ba ya juyowa sai an ce Ciyaman. Mutum ne mai hangen nesa. Shekarar da aka cire tallafin mai, lokacin da magidanta ke auno masara a gwangwani, mata na kwaɗa rama su kira ta abincin rana, Ciyaman ya zauna ya yi dogon nazari, ya gano ainihin abin da ke damun garin: babu gidan sama.

Ya aika Kano aka zo masa da mai zanen gidaje, wata Zulaihatu, wadda ta karanci abin har jami'a. Ta auna filin, ta dubi katangun maƙwabta, ta fara tambayar ta ina ruwa ke bi da damina. Ciyaman ya ɗaga mata hannu.

"Injiniya, bar wannan. Baranda nake so a sama, ta zagaye gidan kaf. In na fito da safe, duk mai rai a garin nan ya ɗaga kai ya ga Ciyaman. Irin wadda na gani a Abuja."

Ya kuwa je Abujar, rakiyar wani ɗan takara, a mota ma ya kwana. Amma ai ido ba ya mantuwa.

"Alhaji," in ji Zulaihatu, "nan gida a jikin gida yake. Makewayin kowa a buɗe yake ta sama, mata kuma a tsakar gida suke wuni. Wanda ya tsaya a barandar nan sai ya ga komai. Bari in juya ta ta kalli titi kaɗai, tagogin baya kuma in ɗaga su can sama don shan iska."

Ciyaman ya yi dariyar manya, mai girgiza tumbi. "Wato in zuba dukiyata don in riƙa gaisawa da jakuna a titi? Ke dai ja layi. Tunani nawa ne, fensir naki."

Ta sake faɗa a gaban Mati magini, ya sake yin kunnen uwar shegu. Sai ta zana masa abinsa, don ita ma shekarar ba ta bar ta ba.

Kafin a kai ga zuba dakin, wato rufin kankare na hawan ƙasa, siminti ya yi tashin da ko masu sayar da shi sai sun sunkuyar da kai suke faɗin kuɗinsa. Da ƙaramin mutum ne, da ya tsaya a hawa ɗaya. Ciyaman kuwa ya sayar da gonar gadonsa ta bakin fadama, wadda ita kaɗai ke ciyar da gidan. Matarsa Asiya ta yi kuka har muryarta ta dushe, tana tambayarsa ko baranda za su riƙa tuƙawa da daddare. Ya yi mata uzuri, don ya san mata ba su cika gane ci gaba ba.

Ranar buɗe gida, da hantsi, ya saka babbar riga mai aska takwas, ya hau sama shi kaɗai. Ta gabas jama'a suka yi masa tafi, musamman waɗanda aka ce za a raba wa shinkafa. Zuciyarsa ta yi fari fes. Ya bi baranda yana taku ɗai-ɗai, hannu a sama yana kaɗawa, har ya zagayo yamma.

Yamma kuwa gidan Inna Barira ne, mahaifiyar Asiya, matar da tun da ya auri 'yarta bai taɓa haɗa ido da ita ba, daga zaure yake durƙusawa ya gaishe ta. Tana makewayi, da bokitinta da sosonta. Ta ɗaga kai, ta ga surukinta a sararin samaniya yana ɗaga mata hannu.

Salatin da ta yi har masallaci an ji shi.

Kafin azahar Asiya ta yafa mayafi ta koma gidansu, ta ce ba ita ba gidan nan sai an rufe abin kunyar. Kafin la'asar magidantan unguwa sun cika ƙofar dagaci, kowa na lissafa abin da ake hangowa a gidansa. Ciyaman ya miƙe ya yi jawabi mai ratsa jiki a kan 'yan baƙin ciki da maƙiyan ci gaba. Dagaci ya bari ya gama tsaf, sannan ya ce a toshe.

Aka sake kiran Zulaihatu. Ta fito da fensirinta ba tare da ta tuna masa gargaɗinta ba, wannan kuwa ya fi zagi ƙona masa rai. Ciyaman ya ce ba a yi masa rabi da rabi, tunda ba a son ganinsa, har ta titin ma a rufe, garin ya yi asara. Mati ya jera bulo tun daga ƙasan baranda har rufi, tagogi ma aka liƙe. Sama ta zama duhu da zafi kamar cikin tanda. Wuta ba ta zuwa, man janareto kuwa sai dai a ji labari. Ya gwada ƙailula a can rana ɗaya, ya sauko sharkaf. Ya riƙa gaya wa mutane sabon salo ne na tsaro, ƙauye ne bai waye ba. Asiya ta dawo, amma tukunyarta ba kullum take hawa murhu ba.

Da kaka ta yi, wani ɗan kasuwar hatsi daga Dawanau, Alhaji Uwaisu, ya tsayar da motarsa a ƙofar gidan, ya daɗe yana kallon ginin, har Ciyaman ya fito ya same shi.

"Alhaji, na zaga ƙasar nan, wallahi ban ga irin wannan ba. Wa ya tsara maka?"

Daɗi ya kama Ciyaman har cikin ƙashi. Ga dai wanda ya san abu ya zo. Ya gyara zaman riga a kafaɗa. "Ni da kaina. Yarinyar fensir kawai ta riƙe."

"Masha Allah! Ba taga, ba kafa, ko ɓera ba zai samu hanya ba. Ka ba ni hayar saman nan in zuba riɗi mana."

Ciyaman ya cika ya batse, ya buɗe baki zai nuna masa hanyar Dawanau. Daga cikin gida ya jiyo Asiya tana kankare gindin tukunya. Ya waiga hagu da dama, ya rage murya.

"Na wata, ko na shekara?"