Bencina da Farar Shaddar Malamin Daji

Ku matso ku ji, amma kar ku tayar da zancen a garinmu Durun, sai yanzu mata suka fara hutawa da yi mini dariya. Ba zan taɓa mantawa da ranar da malamin daji, wato jami'in kula da gandun daji, ya zo garinmu ba.

Taro ya kira kan katakon sata, wanda ake sarowa a dajin wasu ƙasashe a tsallako da shi iyaka a ɓoye, musamman madobiya. Ana neman mace ɗaya da za ta shugabanci mata masu sa ido. Ni kuwa na daɗe ina son a ce mini Shugaba (ko kaji ban taɓa shugabanta ba). Sai na miƙe, na gyara mayafi.

"Malam," na ce, "duk matar da ta bar katakon sata ya shiga gidanta, ita ma ɓarauniya ce! Ni da hanci nake gane shi."

Aka tafa. Hajiya Ladi, wadda ita ma take son kujerar, ta harare ni. Don in ƙarasa ta, na gayyaci kowa shan fura a ƙofar gidanmu.

Na sa aka fito da sabon bencina, wanda ya wuni a rana a tsakar gida. Katakonsa tsaraba ce daga Ɗanlami, ƙanin maigida, direban babbar mota. (Na dai ga daga ƙarƙashin buhunan dusa ya zaro shi, amma kyauta ce, wa ke bin diddigi?) Malam ya zauna da farar shaddarsa, ya sha fura, ya sa albarka, ya miƙe.

Jama'a, bayansa ja jawur, kamar an yanka kaza a kai!

Ya shafa, ya duƙa ya ƙare wa bencin kallo. "Hajiya, ai wannan madobiya ce. Ɗanya ma, ga jan ruwanta yana tsattsafowa. Daga ina?"

Kafin in haɗa ƙarya, Ladi ta ce, "Malam, yi mata uzuri. Mura take yi, hancin ya toshe."

Ladi ce Shugaba yanzu. An tafi da benci, Ɗanlami ya daina gaishe ni. Maigida ya ara wa Malam riga, ni kuma na wanke shaddar har hannuna ya saɓule, jan bai fita ba.

Tun ranar, kafin in buɗe baki a taro, sai na fara leƙa abin da nake zaune a kai. Ku fa, kujerar da kuke kai yanzu, kun san dajin da ta fito?