Manhajar da Ta Share Mai Girma

Yau da safe na zuba wankakkiyar riga na nufi shagon Munzali mai hoto a Birnin Kudu don a ɗauke ni na fasfo, sai na iske shi ya rafka tagumi, babu kyamara. Da ita yake ciyar da iyalinsa, ga shi tun Asabar tana hannun manya.

Shi Munzali Allah ya jarabce shi da son hoton taurari. Yakan hau babur ya tafi wani ƙauye ta wajen Fagam, inda duhu ya samu wurin zama. A nan dole mu jinjina wa shugabanninmu, don da sun yi gangancin kai wuta garin, da sun ɓata wa bawan Allah sha'awarsa. Yakan kafa kyamara ta yi ta ɗauka, hoto bayan hoto, sannan ya zuba su a kwamfuta. Wata manhaja ce ke jera su, ta ɗora tauraro kan tauraro, har wanda ido bai gani ba ya fito tar. Makon jiya aka sabunta ta, kuma sabuwar ba ta da kara. Duk abin da ya gifta bai zauna ba, jirgi ne ko fitilar mota, sai ta ɗauke shi datti ta share.

Ran Juma'a bayan isha'i ya kafa kayansa a dandalin ƙauyen, sai ga jiniya. Mai Girma Garkuwan Alkawari ne ya zo ƙaddamar da fitilar titi. Aka sauko da turken fitilar daga mota, aka tayar da janareta, aka yanke ƙyalle, aka tafa. Kafin dattawa su gama cewa Allah ya ja zamani, an mayar da turken cikin mota, don ana jiransa a Zandam, can ma shi za a ƙaddamar.

Ƙasimu, na hannun daman Mai Girma, ya ce wa Munzali a fito masa da maigida da taurari bisa hularsa, za a buga fasta. Washegari hoto ya fito. Ga sama, ga tsamiya, ga dattawa kan tabarma, amma ba fitila, ba mota, ba Mai Girma.

Ƙasimu ya ce, "Malam, kwamfutar nan taka 'yar adawa ce. Wa ya saya maka?"

"Ranka ya daɗe, ba ta san jam'iyya ba. Wanda ya zauna kawai take riƙewa."

Munzali ya zaro hoto guda daga cikin waɗanda manhajar ta haɗa ya nuna masa, ga maigida amma ba tauraro ko ɗaya. Ya koma tsohuwar manhaja, maigida ya fito dishi-dishi kamar hayaƙin murhu.

"To yaya za a yi ya fito sosai?"

"Sai dai ya dawo ya zauna cikin mutanen garin, ko da awa guda."

Ƙasimu ya dube shi kamar ya zagi mahaifinsa. "Awa guda a ƙauye? Zaɓe ya zo ne?" Ya saɓi kyamara, ya ce a zo a karɓa ranar da maigida ya bayyana a hoto.

Abin ya ɓata mini rai, don na san kyamarar nan ta tafi ke nan. Na tambayi Munzali ko su dattawan sun fito da kyau. Ya ce har furfurarsu ana ƙirgawa, wai sun fi taurarin ma fitowa, don su taurari suna ɗan matsawa. Ban yi mamaki ba, jama'a. Tun da aka yanke mana jihar nan suke zaune a kan tabarmar suna jira.