Sunan da Na Raɗa wa Matan Kasuwar Kifi

Ba zan taɓa mantawa da cin amanar da kwamfuta ta yi mini ba, kuma har gobe ban yafe mata ba.

Sai da furfura ta fito mini na shiga boko. Daga ajin yaƙi da jahilci na yi ta rarrafe har makarantar kwamfuta da aka fara buɗewa a Yelwa, inda Malam Sani, sa'an ɗana, ke koya mana Java, yaren ba kwamfuta umarni. Matan ƙungiyarmu ta masu bandar kifi ba su bar ni na sha ruwa ba. Yaya Hajo, shugabarmu, kullum sai ta ce, "Ɗaliba mai jikoki, mi anka koya muku yau?"

Na rantse sai na rufe bakinsu. Na ce ni zan buga wa kowace katin ƙungiya, su zo su gani da idonsu.

Da na gwada da sunaye zalla, lafiya lau. Ka ba kwamfuta Hajo, ta fito da Hajo. Sai iyayi ya motsa. Na ƙulla kowace mace wuri guda: sunanta, ƙauyenta, irin kifinta. Irin wannan ƙulli sai an raɗa wa jinsinsa suna, Malam kuma ya ce sunan na mai rubutu ne, ka sa abin da ka ga dama. To, na sa abin da na ga dama. (Ban sake gwadawa ba. Man janareta ba ruwan tafki ba ne.)

Ranar rabon katunan suka cika ɗakin karatunmu, har da na Warra da suka sha kwalekwale. Na gyara ɗaurin kallabi, na danna. Firinta ta yi ta kuka, ni ko dubawa ban yi ba, na miƙa wa Yaya Hajo katin farko da hannu biyu.

Ni na ja ta ajin karatu da kaina, Allah ya isa tsakanina da kirkina. Ta nisanta katin, ta bi shi da yatsa.

"Ma... gul... ma... ci... ya."

A gaban kalmar ga wata alama kamar dodon koɗi, da tarkacen lambobi. Kowane kati haka.

"Nawa ma shi na!" in ji wata daga baya.

Malam Sani, maimakon ya yi shiru, sai ya shiga bayani. "Inna, in kin ba ta rubutu, rubutun za ta buga. In kin ba ta ƙullin gaba ɗaya ba ki koya mata yadda za ta faɗe shi ba, sunan jinsin take bugawa da lambarsa."

"Malam," in ji Hajo, "wa ya raɗa jinsin?"

Ɗan albarka ya juyo ya kalle ni.

Abin da na koya: zagin da za ka yi, yi shi da baki, iska ta kwashe. Na'ura ba ta san kara ba.

Washegari da sassafe na riga Malam zuwa. Na zauna na koya wa kwamfutar kiran kowa da sunan yanka, na buga sababbin katuna, na kai kasuwa da goro. Sunan jinsin kuwa yana nan ciki. Ban ga ƙarya a cikinsa ba.