Binciken Injiniya Babakura

A duk Potiskum babu mai tausayin mutanen karkara kamar Injiniya Babakura. Shi da bakinsa yake faɗa. Injiniya ne da bai taɓa riƙe ko filaya ba, amma tun da aka naɗa shi wakilin asusun nan da ke karɓar haraji daga kamfanonin waya don kai sabis ƙauyuka, tafiyarsa ma ta canza. 'Yan unguwa suka laƙaba masa Sarkin Sabis. Ya ɗauka yabo ne, har ya sa a katinsa.

Bana ƙarfen sabis ɗaya tak aka ba yankinsa, aka ce ya binciko inda aka fi buƙata. Da wani ne, da ya hau babur ya bi ƙauyuka. Injiniya ya wuce nan.

"Ilimi ya ci gaba," in ji shi, yana gyara zaman hula. "Ni daga kujerata nake kewaye karkara."

Ya jera wayoyinsa uku a tebur, ya shiga kiran shugabannin jama'a ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya ɗauka ya ce suna so, a ba shi maki. Wanda bai ɗauka ba, a ja masa jan biro. Unguwar Dogo Nini da ke cikin gari ce ta zo ta ɗaya, don can kowa ya ɗauka nan take.

Cikin waɗanda aka soke har da Hammawa, arɗon wata ruga can bayan Nangere. Mutanensa sai sun koro shanu har kasuwa suke jin farashi. In ya faɗi, ko su karyar, ko su koma da dabbobi a galabaice. Hammawa ya yi sammako ya zo ofis.

"Ranka ya daɗe, ai kira ne ba ya shiga wurinmu. Shi ya kawo ni."

"Sau tara na nemi lambarka, Arɗo. Gwamnati ba ta yi wa mutum dole. Amma ni mai sauraron talaka ne. Koma gida, zan sake bincike."

Kuma a faɗi gaskiya, bawan Allah ya cika alkawari. Washegari ya kira Arɗo har sau biyu, kiran bai shiga ba. Abin ya ɓata masa rai ƙwarai, irin wannan butulci. Ya jawo rahoto ya rubuta da hannunsa: "An ba su dama ta biyu. Har yanzu ba su nuna sha'awa ba."