Inda Saƙo Yake Hutawa

Tanimu na Unguwar Dabino irin mutanen nan ne da in ka ce masa "riƙe bakinka", sai ya sa hannu ya riƙe. Matarsa Kande ta daɗe da sallamawa. 'Yarsu Ladidi kuwa kai gare ta, bana za ta zana jarrabawar shiga jami'a ta kwamfuta. Yayan Kande, Injiniya Sallau, shi aka ba aikin haɗa kwamfutocin cibiyar garin. Ranar Alhamis masu dubawa za su zo. In layi bai yi ba, a soke cibiyar, su Ladidi su rasa bana. Albarkacin Kande ya ɗauki Tanimu jan waya.

Wata rana Sallau ya nuna masa kwalin waya biyu. "Wannan Kat-5 ce, tsohon yayi. Wannan Kat-6, ta ninka ta gudu sau goma. Kula da ita." Da ya dawo ya tarar an ɗaure ta tamau a turke, ƙulli bakwai. "Ai ka ce gudu gare ta, Yaya." Mita ashirin aka yanke aka zubar.

Wata rana aka kawo wayar faiba da za a ja daga ofis zuwa zauren jarrabawa. "Ta gilashi ce," in ji Sallau, "haske ke tafiya cikinta har kilomitoci." Tanimu ya shanya ta a rana bakin hanya don ta ƙoshi da haske. Kurar mai ruwa ta bi ta kai.

Wata rana, jajibirin Alhamis ɗin, Kat-6 kaɗai ta rage, hankalin kowa a tashe. Sallau ya auna nisan ofis zuwa zaure da ido, ya ce mita casa'in ne. "Ja ta. Ita iyakarta mita ɗari, in ta wuce saƙo ya gaji." Tanimu ya bi lambobin jikin wayar, yana kai ɗari ya datse ta a tsakiyar baranda, ya ajiye kujera da kofin ruwa don saƙo ya huta.

Sallau ya ɗora hannu a ka. "Ka kashe ni, Tanimu! Ka kashe 'yarka!" Ba yadda ya iya, ya ɗora suwic, akwatin haɗa wayoyi, a kan kujerar, ya ja masa wuta, ya ƙarasa da wani gutsuren.

Ranar Alhamis mai dubawa ta sa na'ura: mita ɗari daga ofis zuwa kujera, talatin da takwas daga kujera zuwa zaure. "Da kun ja ta miƙe, da na soke ku, don ta wuce ɗari. Suwic ɗin nan na tsakiya ya cece ku. Dabarar wa ce?"

Sallau ya kalli Tanimu. Tanimu ya leƙa kofin, ransa a ɓace.

"Hajiya, saƙon dai ya huta, amma ruwan ko taɓawa bai yi ba."