Kusun da Na Yi wa Mutanen Deule Alkawari

Ko na so in manta, ba zan taɓa mantawa da taron da na kira a Deule ba, lokacin da muke neman ɗakin koya wa yara ordinata, wato kwamfuta.

Ni da abokaina biyu muna da ɗan shago a Buza, muna buga takardu da fotokofi. Abin da ya saura muna gyara tsofaffin ordinatoci da shi, 'ya'yan talakawa su koya kyauta. A Deule 'yan kwaleji suna jira, amma babu inda za mu ajiye na'urorin sai wani ɗaki a jikin mangazar da gari ke tara hatsin tsimi. Makullinsa kuwa yana hannun Inna Hajo, shugabar matan da ke kula da hatsin. In ta ƙi, magana ta mutu.

Na sha jin ana cewa mu 'yan lakwal, wato 'yan boko, ba mu iya haɗa kalma uku babu Faransanci. Don haka na ƙudura cewa ranar Hausa tsantsa zan yi. (Har sabon boyel na ɗinka, don a san da gaske nake.) Ordinata ta koma na'ura mai ƙwaƙwalwa, aka gyaɗa kai. Ekaran ya koma allo, maigari ya ce madalla. Kaina ya kumbura. Sai na iso kan suri, ɗan abin nan da ake turawa da hannu, wanda ma'anarsa a Faransanci kusu ne, wato ɓera.

Na bayyana musu cewa kowane yaro zai samu kusunsa. Daga Madawa zan kawo su cikin kwali, masu ƙwari, waɗanda ba su saurin mutuwa. Yaro zai kama shi a tafin hannu, ya danna masa kunnen hagu. Da an tashi, sai a bar su cikin ɗakin su kwana.

Wurin ya yi tsit. Ni kuma na ɗauka hikimata ce ta kashe musu jiki, sai na ƙara da cewa in abu ya yi albarka, baɗi za su ninka.

Inna Hajo ta gyara mayafi ta ce, "Ɗana, mu da munka ƙare shekara muna liƙe ramu, kai ko na Madawa za ka kawo muna? Mi munka yi maka?"

Sai a lokacin na ji abin da bakina ya yi ta faɗa. Na laluba jaka da sauri na zaro surin ta wayarsa, yana reto. Wani dattijo ya janye ƙafarsa, na kusa da shi ya ce har da wutsiya. 'Yan kwalejin da ke bayan taro, waɗanda suka san suri sarai, suka kife da dariya, babu wanda ya taimake ni.

Inna ta karɓa, ta juya shi, ta tabbatar ba shi da baki. Ta ba da ɗakin, amma da sharaɗi: kyanwarta za ta ci gaba da kwana a ciki, don ita ba ta gama yarda da ni ba.

Yanzu yara na koyo, kyanwa na barci a kan firinta, ni kuma daga Deule har Buza sunana Malam Mai Kusu. Duk abin da zan kai ƙauye, sai na ajiye shi kan tabarma kowa ya taɓa, sannan in buɗe baki.