Rasuwar 'Yar Tururi a Bakin Cajar Injin Feshi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hanci mai cike da ƙaurin roba, Malam Maitama na Kafur, manomin masara da auduga, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar abar busarsa, sigarin lantarki mai suna 'Yar Tururi, wadda ta cika ranar Talata da hantsi a ƙarƙashin rumfar gidansa. Ta rasu tana da wata goma sha huɗu.

An haife ta a Malumfashi, a shagon Ugochukwu mai gyaran rediyo. Gangar jikinta ta tsohuwar tocila ce, batirinta daga matacciyar kwamfuta aka ciro shi, audugar cikinta kuwa daga gonar Malam ta fito. Ba ta da kyau ko kaɗan, amma ita ta raba shi da sigari bayan zaman shekara ashirin da shida. Dalilin rabuwar sananne ne: ranar sunan jikarsa Bushra, uwar jaririyar, wato 'yarsa Raudatu, ta shinshina rigarsa, ta mayar da 'yarta baya ta goye. Ta ce, "Baba, ka zaɓa, ko amaryarka ko karan taba." Ya zaɓi amarya.

Marigayiyar mai haƙuri ce. Ba ta taɓa ƙona masa aljihu ba, ba ta neman ashana, kuma in an ja ta sai ta ce "tssss" a hankali kamar an ɗiga ruwa a kaskon waina. Aibinta ɗaya: in caji ya ƙare sai an kwance ta, a ciro batir, a jira awa uku. A cikin awa ukun nan ƙafafun Malam kan ɗauke shi da kansu zuwa teburin Mati mai sigari, ya tsaya yana tambayar lafiyar iyali har sau huɗu.

Wannan ya sa aka yanke shawarar yi mata tiyata, a huda gindinta a sa mata bakin caji daga waje, don a riƙa busa ta tana jone. Ugochukwu ya ce a dakata ya samo wanda ya dace daga Funtuwa. Malam ya ce ai yana da na tsohon injin feshinsa, a sa shi kawai. Ugochukwu ya liƙa, ya kuma ba shi ƙaramar caja ta daban, ya ja masa kunne cikin Hausar Malumfashi tsantsa cewa kada cajar feshi ta kusance ta, domin abin da ke tayar da injin lita goma sha shida zai dafa 'yar tocila.

Ta yi kwana tara cikin ƙoshin lafiya. A na goma, ana shirin fita feshin tsutsar masara, Malam ya ga caja biyu a rataye, baki iri ɗaya, tabarau kuma yana ɗaki. Ya ɗauki ta feshi ya jona wa 'Yar Tururi, ta shiga daidai kamar don ita aka yi. Kalamanta na ƙarshe su ne "zzzz", sannan "fut". Tururin da ta fitar ranar nan ya fi na duk rayuwarta.

Ta bar Malam Maitama, da rabin kwalbar ruwa mai ƙamshin na'ana'a, da injin feshi wanda har yanzu bai nuna nadama ba. Ta kuma bar uwargida Hajiya Lauratu, wadda ta karɓi labarin da juriya mai ban mamaki, ta ce dama tocilar ta fi amfani lokacin tana haske. Mati ya aiko da ta'aziyya sau biyu. Ba a amsa ba.

Za a binne gangar jikin ranar Alhamis a bayan rumbu. Batirin zai koma wurin Ugochukwu, wanda ya hana a sa shi a ƙasar noma. Gawar ba za ta bi ta gaban teburin Mati ba, ko da hanyar ta fi kusa.

Zaman makoki zai ƙare ranar Juma'a, ranar da Raudatu za ta kawo Bushra, kuma an san sai ta shinshina riga kafin ta miƙa. Yau kwana biyu Malam na tauna goro da rake da asuwaki, har ma da hular biro. Masu zuwa gaisuwa da karan taba a aljihu, don Allah su tsaya daga bakin zaure, ta ɓangaren da iska ba ta kaɗowa.